Maƙerin da Ya Riƙe Ƙafar Bunsuru

Kai da aka yi wa baftisma bana, kake cika baki cewa ba abin da zai raba ka da Almasihu, gyara zama ka ji wani misali.

A wani ƙauyen Maguzawa an yi wani maƙeri, shi ya fara karɓar bishara a wurin. Ci-rani ya tafi, ya dawo da Littafi Mai Tsarki a jaka da karatu a ka. Mutum ne mai murya, ga iya magana. In yana zuga wuta yana rera waƙar yabo, har bakin kasuwa ana jinsa, kuma duk wanda ya kawo gyaran fartanya sai ya sha wa'azi kafin ƙarfe ya yi ja. Cikin duk waɗanda ya yi wa magana, mutum ɗaya ce ta ba da gaskiya: matar wansa marigayi, maginiyar tukwane, mace shiru-shiru wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Shi kansa bai ɗauke ta wani babban kamu ba.

Wata shekara ruwa ya ɗauke bayan shuka, yabanya ta fara ƙonewa. Dattawa suka ce iskoki ne suka yi fushi, saboda waɗannan biyun sun daina zuwa wurin yanka. Aka kira su gindin tsamiyar tsafi, gari duka ya taru, aka jawo baƙin bunsuru. Sarkin noma ya ce kowannensu ya riƙe ƙafa ɗaya a yanka, in kuwa suka ƙi, to ba su ba rijiyar gari, ba su ba gayya, ba kuma mai ƙara sayen kayansu. Maƙeri ya dubi fuskokin jama'a, duk masu kawo masa aiki ne, har da surukinsa a ciki. Ya ce a ransa ai Allah zuciya yake dubawa, ya durƙusa ya kama ƙafar bunsurun, jini ya fantsamo masa a hannu. Da aka juyo kan matar, sai ta cusa hannuwanta cikin zane, ta ce, "Ku yi haƙuri, iyayena. Na riga na ba Yesu hannun nan, ba ni da wani."

Aka kuwa cika mata abin da aka faɗa. Ruwa sai ta je rafi mai nisa. Tukwanenta sai ta ɗauka a ka zuwa kasuwar da ba a san ta ba. An taɓa farfasa mata ɗanyun tukwane inda ta shanya, ta tattara yumɓun ta sake kwaɓawa. Dangarta ta faɗi, ba wanda ya kama mata. Ruwan sama ya dawo a kan lokacinsa, amma ba a ɗage mata hukuncin ba.

Shi kuwa maƙeri aikinsa bai tsaya ba, waƙa ce ta mutu a bakinsa. Ya cusa Littafin cikin jinkar ɗaki don kada idonsa ya riƙa faɗawa a kai. Hanyar rafi ta ƙofar maƙera ta bi, kullum ya hango ta da tulu sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu cikin gawayi. Ita kuwa ba ta fasa cewa, "Sannu da aiki, ƙanen miji." Da zagi ne da ya fi masa sauƙi. Waɗanda ya bi don su bar shi ma ba su ga girmansa ba, a wurin shan burkutu sai su ce, "Malamin waƙa, ina muryar?" Ya yi murmushin dole, abin na cinsa a ciki.

Shekaru suka shuɗe matar ba ta rama ba, ba ta kuma janye ba. Inda ake jinya tana can, inda aka yi rashi ita ce a bakin murhu, ko da ba a kira ta ba. Sannu a hankali mutane suka fara zuwa tambayarta abin da ke riƙe da ita, har tsakar gidanta ya riƙa cika ran Lahadi. Wata rana ta tsaya a ƙofar maƙera ta ce, "Mun yi yawa, ɗan abin da na riƙe a ka ya ƙare. Kai ka iya karatu, zo ka karanta mana."

Guduma ta suɓuce masa. Ya ce, "Yaya, da wane ido zan dube ku?"

Ta ce, "Ban zo shari'a ba. Wanda muke bi yana gindin tsamiyar ran nan, ya ga kome, bai kuwa rufe ƙofa ba."

Ran Lahadi ya zaro Littafin daga jinka ya je, ya zauna can baya inda ake tuɓe takalma. Ya buɗe Littafin, muryarsa ƙasa-ƙasa har sai da aka ce ya ɗaga, hawaye na hana shi ganin baƙaƙen. Daga nan bai sake ja da baya ba. Har ya tsufa shi ke karatu, amma bai taɓa yarda ya zauna a gaba ba. In baƙo ya tambaya wa ya kawo bishara garin nan, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Ni na kawo, na yar da ita ran da aka matsa. Waccan tsohuwar ce ta riƙe."

Saboda haka ka rage cika baki, ka roƙi Ubangiji ya tsai da ƙafarka ran da za a matsa maka. Hausawa sun ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.