Gangar Marigayi

Kwaɗayi da ƙin sauraro ne suka kayar da Lurwanu.

Ƙaninsa na rasuwa a unguwar Rusaifa, can ƙasa mai tsarki, ya ɗauke wata kyakkyawar gangar katako daga shagonsa. Matar mamacin ta ce, "Yaya, tsaya ka ji..." Ya daka mata tsawa.

Ya cika gangar da Zamzam don walimar 'yarsa. Uban ango ya kurɓa, ya tofar.

"A'uzubillahi! Na yi aikin gonar inabi a ƙasar Sifen. Cikin irin wannan ake ajiye jar giya shekaru, itacen ba ya sakin warinta!"

Matar mamacin ta ce, "Shi ya sa marigayi yake zuba shara ciki."

Zamzam ya salwanta, surukai sun tashi, mutunci ya bi su. Tir!