Tsibirin Balbelu

Tun da ambaliya ta cinye filayen jirgi, a kan ruwa jiragen sama masu nisan zango suke sauka, su sha mai a tsibirin Kwarkwasa. Duk jirgin da ya sauka, sai wata murya ta shaida wa fasinjoji cewa kafin a gina tashar, ba kowa a nan sai tsuntsaye.

Yau Gwamma mai bandar kifi ta tare ma'aikacin tashar a bakin gada.

"Kai ɗan nan, ni ce tsuntsuwar? A ƙarƙashin gadar nan aka binne cibiyata! Ka sa muryar nan ta janye ƙaryarta."

"Iya, ba mu ke da iko da ita ba."

Tana cikin sababi wata fasinja ta sauko daga jirgi da buta, ta yi turus.

"Ikon Allah! Da mutane a nan? Ni ta taga ban ga komai ba sai ciyawa da balbelu."

Gwamma ta dubi rumfunansu na banda suna ta hayaƙi daura da jirgin, ta dubi tagogin jirgin. Ta kamo hannun matar ta goge shi da man kifi.

"Tafi da wannan, 'yar nan. Ki miƙa wa na ciki su sansana balbela."