Muryar Hasumiya

Suna juyowa da jirgin saman koyon tuƙi za su sauka, Malam ya saki sitiyari ya dafe ƙirji. Ɗalibarsa ta ɗauka wasa ne, don ya saba tsokanarta wai saukarta kamar an yar da buhun siminti. Sai ta ga gumi ya wanke masa fuska, kansa ya langaɓe a jikin gilashi.

Ba ta taɓa sauke jirgi ita kaɗai ba. Kullum a ƙarshe hannunsa ne ke gyara mata.

Ta danna rediyo ta kira hasumiyar filin jirgin. "Hasumiya, malamina ya faɗi! Ban iya sauka ba!"

Sannan muryar wata mata ta zo a natse.

"Ina jin ki, ƙanwata. Yana numfashi?"

"Da ƙyar."

"Laluba aljihun rigarsa na hagu, akwai ƙwaya. Sa masa ɗaya a ƙarƙashin harshe, ki mayar da idonki gaba. Kada ki ƙara kallonsa."

Ta yi yadda aka ce. Ta rediyon ta jiyo wani namiji daga nesa yana cewa, "Tashi in karɓe ki." Matar ta ce, "Bar ni."

Titin sauka ya bayyana, ɗan siriri kamar zare. Tafin hannunta ya jiƙe har sitiyari na suɓuce mata. Ta tuna 'yarta da ta bari wurin Inna da safe, ko sallamar kirki ba su yi ba.

"Yaya, zan kashe mu."

"Ba za ki kashe kowa ba. Rage wuta. Ƙara ragewa. Yawwa. Ɗaga hancin kaɗan."

Ta ɗaga, amma ta makara. Jirgin ya daki kwalta ya yi sama, ya dawo da ƙarfi. Tayar gaba ta karye. Farfela ta tsaga ƙasa, ƙarfe na kuka, suka zame cikin ciyawa. Ƙura ta rufe komai.

"Kashe inji," in ji muryar. "Kin sauka."

Daga nan rediyon bai ƙara cewa uffan ba.

'Yan kwana-kwana suka zaro ta, goshinta na jini. Suka ɗora Malam a gadon ɗaukar marasa lafiya. "Da ransa!" wani ya ɗaga murya.

Ta riƙe hannun wani dattijo a cikinsu tana kuka. "Baba, don Allah kai ni wurin matar hasumiyar nan. Ban taɓa jin mai taurin zuciya irinta ba."

Dattijon ya nuna mata wata mata da ta tsallako titin a guje, ba takalmi, ta zube a gaban motar asibiti.

"Ga ta can," ya ce. "Mijinta kika sauko mata da shi."