Kwamfutar da ta Cika Ranar Biki

Ka ce kwamfutarka ta cika, Malam Sabi'u, kuma sai ka samu sarari za ka zauna ka tace abin da ke ciki. Wannan “sai na samu sarari” na sha jin ta, shi ya sa zan ba ka misali.

An yi wani mai ɗaukar hoton biki, gwani ne ƙwarai, ɗaurin aure ko suna ba ya wuce shi a garinsu. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya, ita ce rumbunsa. In ya dawo daga aiki sai ya juye katin kyamara a cikinta, ya wanke katin, ya rufe. Ba ya tacewa, ba ya sa wa komai suna, lambar da kyamara ta ba abu ita yake bar masa. Hoton rago ɗaya sai ka tarar da arba'in, ga finafinan da abokai suka turo masa bai taɓa kallo ba. Shi a ganinsa adana ke nan, ni kuwa jibgewa nake kiran wannan.

Wata rana da hantsi ya je gaida mahaifiyarsa, ya tarar tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, sai ya kafa kyamara a gabanta. Tsohuwa ta saki jiki. Ta faɗi sunayen kakanninsu har hawa biyar, da garin da suka baro, da dalilin barowar. Ta rera waƙar niƙa da ta koya wurin uwarta, ta yi dariya, ta yi wa 'ya'yanta addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunansa. Kusan awa uku kyamara na ɗauka. Damina ba ta fita ba Allah ya karɓi abarsa. Ɗan ya kasa kallon wannan ɗauka saboda zuciyarsa ba za ta jure ba, ya bar ta cikin tarin nan da lambarta kamar sauran. Ƙanwarsa ta sha ce masa, “Yaya, ka cire mana muryar Inna ka sa a wani wuri daban, ko a filashi ne.” Shi kuma ya ce, “Tana nan, ina za ta je? Bari in samu sarari.”

Ana nan, ran wata Asabar ya kama babban biki. An ɗaura aure kafin azahar, katinsa ya cika, ga kamu da la'asar. Ya buɗe kwamfuta a bayan mota don ya juye, ta ce babu wuri. Dangin ango na danna masa hon, wayarsa na ta ruri. Sai ya yi abin da mai gaggawa ke yi: ya jera kayan ciki daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, ya kama goma na sama ya goge, ya zubar da kwandon sharar kwamfutar don wuri ya samu da gaske. Bai buɗe ko ɗaya ya duba ba, domin lambobi ne kawai a gabansa, kuma lamba ba ta da fuska. Ya juye aikin safe a wurin da ya buɗe, washegari ya ƙara na walima a kai. Biki ya yi kyau, kowa ya yaba.

Bayan wata biyu ƙanwar ta haifi 'ya mace, aka mayar da sunan tsohuwa. Ta aiko masa cewa ranar suna tana so a kunna wa mata muryar Inna, jaririya ta ji addu'ar kakarta ko da ba ta san komai ba. Ya zauna neman abin nan. Ya ga raguna, ya ga amare, ya ga rawar mutanen da ko sunansu bai riƙe ba, amma bai ga uwarsa ba. Can ya tuna Asabar ɗin nan, ya kuma san a duk kwamfutar babu abin da ya kai ɗaukar awa uku nauyi. Ita ce ta farko a jerin da ya goge. Ya kai wa mai gyara a kasuwa, mai gyara ya yini a kanta, ya ce da a ranar ya kawo da an ceto, amma yanzu sabon kaya ya riga ya hau gurbin tsohon.

Abu ɗaya aka samu, wani ɗan guntu da ya ɗauka don gwaji kafin a fara hira, wanda ƙanƙantarsa ta tsirar da shi. Tsohuwa ce ta ɗago kai daga kan gyaɗarta tana cewa, “Ya fara ɗauka? To tsaya in gyara ɗankwalina.” Shi ke nan, sai ya yanke. Shi aka kunna ranar suna, ƙanwar ta sa aka maimaita har sau huɗu tana kuka, yayan yana tsaye a zaure ya kasa shiga. Sunayen kakanni hawa biyar kuwa, har yau babu mai iya kawo su a gidan.

Wannan labari yana ba ni baƙin ciki duk lokacin da na ba da shi, domin ba ɓarawo ne ya shiga ba, ba gobara ba ce. Mutum ne da hannunsa, yana da shekara guda cur da zai ware abin da ba shi da madadi, ya sa masa suna, ya ajiye shi wuri biyu, amma ya bari sai da ake danna masa hon. Saboda haka ka je ka buɗe taka yau, Malam Sabi'u, tun babu mai jiran ka a ƙofa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.