Tsakuwoyin Hanyar Maraɗi

Baturen da ya sauke ɗan jirginsa na sama a fakon Bunguɗu ya nemi wanda ya san hanyar Maraɗi, can ƙasar da Faransi ke mulka. Aka kawo masa wani tsohon makiyayi.

Tsohon ya durƙusa ya zana hanyar da sandarsa, yana aza tsakuwa a kowane zango.

Tafintan Baturen ya ce, "Baba, kwashe tsakuwoyin nan. Jirgi ba ya yada zango, kafin azahar ya isa."

Kafin azahar! Hanyar da tsohon ya biyo da ƙafa, shi da iyalinsa, shekarar yunwa.

Ya ce, "To Malam, roƙar mini shi ya sassauta in ya zo kan zangunan nan. 'Ya'yana ne kwance a wurin."