Ranar da Inna ta kira sunana

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, saboda kunya irin ta mutanenmu. "Ke yarinyar nan," shi ke nan.

Da aurensu ya mutu, Baba ya kai maganata gaban alƙali, can wajen Ƙofar Wambai. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, a ba ni 'yata. Matar da ko sunanta ba ta faɗa?"

Inna ta daɗe kanta a sunkuye. Can ta ɗago, a gaban maza, ta kira sunana na yanka da ƙarfi, ta ce, "Zo nan. Ni na haife ki."

Alƙali ya ce in bi uwata.

Har ta koma ga Allah ba ta sake kira ba. Ni kuwa wannan ɗayan ya ishe ni.