Garwashi a Diddigen Baba

Ƙaurin na fara ji. Bayan la'asar ne a gidanmu na Baure, Inna tana gasa masara, Baba ya miƙe ƙafa kusa da murhu yana sauraron rediyo. Na ɗauka maƙwabta ne ke babbakar kan akuya. Da na duba, sai ga garwashi jajir manne a diddigen Baba, fatar tana hayaƙi.

Na ƙwalla ihu, "Baba, wuta!"

Ya ce, "Ina?" yana duban rumbu.

Inna ta yi salati, ta kaɓe garwashin da hannu. Baba ya daɗe yana kallon ƙunar, sannan ya ce a hankali, "Wallahi ban ji komai ba."

Mutanen gari sun sha yabonsa don yana taka yashin bazara ba takalmi, wai yana da maganin wuta. Ashe ciwon suga ne ya kashe masa jijiyoyin ƙafa.

Yau ni ma ina da ciwon. Kowace safiya nakan tsira wa tafin ƙafata tsinke, gabana yana faɗuwa. In na ji zafi, sai in ce alhamdulillahi.